Sabon Tanki a Jirgin Rudelindo

Tsibirin Apiao, 14 ga Yuni, 1993

Yaya Orfelina,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da yara da jikoki, da fatan sanyin Punta Arenas bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa tun farkon wata, dankali dai mun riga mun kwashe.

Kin san ni ba na rubutu sai da dalili, dalilin kuwa ba mai daɗi ba ne. Kompadrena Rudelindo, aminin nan nawa da na riƙe wa ɗa ranar baftisma, yana kwance a asibiti a Castro, yau kwana goma. Tankin ruwan zafi na jirgin ruwansa ne ya fashe ya ƙona shi.

Jirgin dai kin san shi, wanda na sassaƙa masa shekara ashirin da biyu da suka wuce, mai kai mutane Achao Litinin da Juma'a. Tsohon tankin da ke bayan murhu tsatsa ta cinye gindinsa, tun bara yake yoyo, matarsa komadre Zoila kullum da kwano a ƙarƙashinsa. A watan jiya Rudelindo ya sayo sabo a Castro, fari fat, ya fi tsohon girma. Mutanen kantin suka ce za su haɗa shi da mai gyaran famfo ya zo ya ɗaura. Na ce a kan me? Jirgin da babu ƙusa ɗaya a jikinsa da ban san ranar da na buga ta ba, wani ɗan birni mai takalmi mai sheƙi ne zai zo ya koya mini aiki a cikinsa? Muka yi gayya ranar wata Asabar, mu shida, muka fitar da tsohon. Zoila ta yi mana kuranto, abincin gayyar nan da ake dafawa a rami, har da naman alade mai hayaƙi. Haɗa bututun da murhu da hannuna na yi. Da na gama ko ɗigo ɗaya ba ya zuba, kowa shaida ne.

Ranar Juma'ar da abin ya faru, ƙanƙara aka yi ta zubawa tun daga nan har Achao. A cikin fasinja akwai mai jego da jaririnta, Zoila ta tausaya musu ta cika murhu da itacen tepu. Kin san tepu, wutarsa har ƙarfen murhu take lanƙwasawa. Sun isa, an ɗaure jirgi, kowa ya sauka, ita ma ta fita kai ƙwai kasuwa. Rudelindo ya shigo ya sunkuya zai ɗauki buta, sai tankin ya tsage. Fuska, wuya, ƙirji da hannun dama. Idon hagu kuma likita bai ce komai a kansa ba tukuna.

Mutane suna cewa tepun ne. A bakin teku haka ake faɗa, a ƙofar coci ma haka. Ni ban ce komai ba, ba a kuma tambaye ni ba. Aikin dai na yi shi da kyau.

Ki rubuto wa Zoila, ke ce ƙawarta tun kuna yara kuna haƙar ƙumba idan teku ta janye. Tana asibitin tare da shi, an ce ko abinci ba ta ci. Ni ban je ba tukuna, aiki ya yi mini yawa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Belarmino Barría


Apiao, 26 ga Yuli

Orfelina 'yar'uwa,

Gaisuwa da fatan alheri. Malama Nolfa ta makaranta ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kin san ni da biro ba mu taɓa shiri ba. Ita ce ta karanta mini wasiƙarki, sau uku na sa ta maimaita. Rigar ulun da kika aiko ta iso, amma bai iya sa ta ba tukuna, fatar ƙirjin ba ta son abu mai kaushi. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Mun dawo gida ranar Talata. Idon hagu ya tafi, Orfelina. Hannun dama kuma yatsun ba sa naɗewa, cokali ma da hagu yake riƙewa. Jirgi yana nan a kan rairayi an ja shi.

Kin ce kada in ɗora wa kaina. To wa zan ɗora wa? Ni na zuba itacen. Tun ina ƙarama Innata take ce mini tepu guda ɗaya ake sawa a tsakiyar wani itace, ba a cika murhu da shi. Shekara arba'in ina hura wuta, na sani sarai, amma na ga jaririn nan leɓensa ya yi shuɗi, na zuba har guda biyar. Kullum da safe idan ina wanke masa ciwon sai in ce, "Rude, ka yafe mini." Sai ya ce, "Bar maganar nan, tsohuwa, sa maganin kawai." Amma sai ya juya fuska wajen bango. Ban sani ba ko zafin magani ne ko ni ce ba ya son gani.

Ƙanwarsa ta zo dubiya, ta tsaya a kicin ɗina ta ce, "Wasu matan tausayin ɗan wani ya fi musu idon mijinsu." Gaskiya kuwa ta faɗa. A coci yanzu bencin baya nake zama, in fita kafin a tashi.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai ke, da Malama tunda ita ke rubutawa: na kasa hura wuta. Idan na ɗauki ashana sai in mayar da ita ban ƙyasta ba. Ranar da muka dawo a ɗaki mai sanyi muka zauna har yamma, ina kallon murhu yana kallona.

Ba don ƙaninki ba da ban san yadda za mu yi ba. Kullum gari na wayewa kompadre Belarmino yana ƙofa. Shi ke hura mini murhu, shi ke faskare, itacen da ya tara mana zai kai mu bazara. Ya gyara ɗakin jirgin tas, ya ciyar da aladu duk kwanakin da muka yi a Castro. Idan na zuba masa shayin mate sai ya karɓa, ya zauna a bakin benci ya ce, "Komadre, ki yi haƙuri, tsautsayi ne, kowa yana kuskure." Shi kaɗai ne a tsibirin nan bai taɓa ambata mini tepu ba. Sai dai ya rame ƙwarai, ɗakin Rudelindo kuma ba ya daɗewa a ciki, daga bakin ƙofa yake gaishe shi. Ina jin tausayi ne ya yi masa yawa. Allah ya ba ki ƙani, Orfelina, ki riƙa yi masa addu'a.

Malama ta ce takarda ta kusa cika. Ki gaida yara.

Taki har kullum,
Zoila Millalonco


Punta Arenas, 9 ga Agusta

Mino,

Na gaishe ka, tunda da gaisuwa aka saba buɗe wasiƙa. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, yara lafiya lau.

Wasiƙar Zoila ta iso. Na karanta, na yi kuka, sannan na share ido na sake karantawa, sai na tsaya a kan labarinka. Wai kai ne ke faskare a gidan mutane? Kai ke ciyar da aladun wani? Lokacin da marigayiya matarka take kwance wata huɗu, maƙwabta ne suka riƙa faskara maka itace, kana bakin teku kana cewa kai masassaƙi ne, gatarinka ba na itacen wuta ba ne. Yaushe aka canza mini ƙani ban sani ba?

Na ɗauko wasiƙarka ta watan Yuni na sake dubawa. Sau biyu ka gaya mini aikinka ya yi kyau, alhali ban tambaye ka ba. Kompadrenka, wanda ka riƙe wa ɗa a coci ranar baftisma, yana kwance kwana goma ba ka je ba, wai aiki ya yi maka yawa, a tsakiyar damina, lokacin da ko ƙusa ba a bugawa.

Ni na goye ka, Mino. Tun kana ɗan shekara bakwai, idan ka yi ɓarna sai ka koma mai hidima. Ka tuna ranar da aka bar ƙofar garke a buɗe, kare ya kashe mana tumaki biyu? Ni Baba ya zane. Kai kuwa sati guda ka yi kana ɗebo mini ruwa, kana kawo mini tuffa har gado, Inna tana cewa ga yaro mai son 'yar'uwarsa. Sai da ka yi gemu sannan ka faɗa mini, kana dariya. Ni ban yi dariya ba.

Ban san komai game da tanki ba, amma na san ka. Me ka yi wa jirgin nan? Kada ka rubuto mini labarin ruwa da dankali.

Yayarka,
Orfelina


Apiao, 22 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta yi kwana shida a aljihuna kafin in iya zama in amsa. Takarda uku na yaga, wannan ce ta huɗu, kuma ko ta yi kyau ko ba ta yi ba ita zan aiko.

Ranar gayyar, bayan mun gama ɗaura tanki, sauran suka fita wajen kuranto, ni na tsaya na hura murhu don in gwada. Ruwa ya ɗauki zafi, duk mahaɗar bututun a bushe. Sai na ga wani ɗan abu na tagulla a ƙeyar tankin, mai ɗan baki yana kallon ƙasa, yana ɗiga. Ɗis, can an jima ɗis. Tsohon tankin ba shi da irinsa, shi murfi ne da shi a sama kamar tukunya. Na ɗaure abin da sifana, bai daina ba. Ga shi na cika baki a gaban 'yan gayya duka cewa ba na buƙatar kowa daga Castro.

Yaya, shekara hamsin aikina ɗaya ne, in hana ruwa bi ta inda ba a ce ya bi ba. Baba da kansa ya koya mini cewa a cikin jirgi duk abin da ke ɗiga toshe shi ake yi, ba a tsayawa tambayarsa dalili. Na fiƙe ɗan fegi na katako mai kyau, na naɗe shi da zaren ɓawon itacen alerse yadda muke toshe tsakanin katakon jirgi, na buga shi a bakin abin, na ɗaure da wayar tagulla zagaye shida. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, ɗigon ya tsaya cak. Na kira Rudelindo na ce zo ka gani. Ya shafa ko'ina ya ji a bushe, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai dai kompadre, ranar da ka mutu tsibirin nan nitsewa zai yi." Fegin yana ta baya, jikin bango, bai gan shi ba. Akwai takarda da ta zo a cikin kwalin tankin, mai zane-zane. Da ita na hura murhun.

Washegarin fashewar aka jawo jirgi gida, na shiga ni kaɗai. Tankin ya tsage daga sama har ƙasa, ƙarfen ya buɗe. Na leƙa baya. Fegina yana nan daram, ko motsi bai yi ba, aikina ya fi ƙarfen ƙarfi. A nan na sha jinin jikina. Na warware wayar, na zare shi da filaya na sa a aljihu. Ba wanda ya gan ni, kuma tun a lokacin na san abin da ya sa nake waiwaye.

Duk da haka na riƙa gaya wa kaina wataƙila ba shi ba ne. Da na je Castro dubiya a ƙarshen Yuni, na biya wani kantin kayan famfo, ba wanda aka sayi tankin ba, don kada a gane ni. Wata mata ce a ciki, tana cin burodi. Na nuna mata irin abin a jikin wani tanki na ce mene ne amfaninsa.

Ta ce, "Bawul ke nan, Baba. Idan ruwa ya yi zafi ya kumbura, ta nan yake samun hanya. Numfashin tankin ke nan."

Na ce, "To idan yana ɗiga fa?"

"Idan yana ɗiga lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi. Sai a sa masa ɗan tiyo ya zuba waje."

Na ce wani abokina ne, nasa yana ɗiga, yana tunanin ya toshe.

Ta ajiye burodin ta ce, "Wane jakin ne wannan? Ka gaya masa bam yake haɗawa. Ka ce in ji ni."

Na ce to idan wuta ta yi yawa fa, a ce an cika murhu da tepu. Ta ce ko gawayin jahannama aka zuba, in dai bawul yana buɗe, tururi zai yi ta fita ne yana ihu har a zo a rage wutar. Na yi mata godiya, na sayi ƙusa rabin kilo da ba na buƙata, na fita. Daga nan asibiti na nufa. Na tarar da Zoila a baranda, ta kama hannuna biyu ta ce, "Kompadre, na lalata maka aikinka mai kyau." Ni kuma na ce mata ba komai.

Ba komai na ce, Yaya. Da bakin nan nawa.

Sau uku na yi niyyar faɗa. Na farko ina durƙushe ina hura mata murhu, na ce, "Komadre, akwai maganar da," sai ta juyo da idanun nan nata da suka faɗa, na ƙarasa da cewa bututun hayaƙinta yana son shara. Na hau rufi na share shi. Na biyu Rudelindo ne ya kira ni ciki ya ce in zauna. Ya ce, "Ka riƙa lallashin tsohuwar nan, ni na gaji da ce mata na yafe, kuma idan na dube ta da ido ɗayan nan kuka take yi." Na ce to. Na uku ko ƙofar ban kai ba, na juya.

Ba tsoron duka nake ba, da Rudelindo zai tashi ya fasa mini baki da na ji sanyi. Abin da nake tsoro shi ne abin da za a faɗa a bakin teku. Duk jirgin da ke tsibirin nan da tsibiran Alao da Chaulinec, in ba ni na sassaƙa ba to ni na gyara. Maestro suke ce mini, wato babban gwani, har firist. Ba ni da mata, ba ni da ɗa a kusa, sunan nan shi ne abin da na tara. Na san yadda wannan magana take da muni idan aka ajiye ta kusa da idon mutum. Na sani, kuma ga shi har yau ina faskare.

Fegin yana cikin gwangwanin ƙusa a kan tagata. Na kasa jefa shi a wuta.

Kada ki gaya wa yara.

Ƙaninki,
Belarmino


Punta Arenas, 2 ga Satumba

Belarmino,

Gaisuwa. Na karanta.

Fegin ban riƙe ka da shi ba. Da Baba ne ma abin da zai yi ke nan, ku duka kanku ɗaya, ku ne kuka san komai. Wanda ya yi aiki hamsin ya ɓata ɗaya ba a kansa aka fara ba, ko da ɗayan ya yi muni irin wannan. Amma filayar da ka sa ka zare shi, wannan ba kuskure ba ne, da hankalinka ka yi. Kuma kullum gari ya waye sake yi kake, duk ranar da ka karɓi mate daga hannun matar nan ka ce mata kowa yana kuskure. Da na zo wurin nan a wasiƙarka sai da na tashi na fita tsakar gida, kunya ta hana ni zama, kamar ni na yi.

Ka ce sunan shi ne abin da ka tara. Ita fa? Zoila ba ta da jirgi ko ɗaya da za a nuna a ce ita ta yi. Abin da aka san ta da shi a Apiao shi ne mace ce mai kula, wadda ba a taɓa kwana da yunwa ko sanyi a gidanta ba. Shi ka ɗauka ka rufe naka da shi.

Itacen da kake tara mata ba ya biyan komai, ka daina wahalar da bayanka. Idan bakinka ya ƙi buɗewa, hannunka ai yana rubutu, na ga shaida shafi huɗu. Na san abin da za ka ce: Zoila ba ta karatu, Rudelindo ba ya iya duban takarda tukuna, sai an kai wa Nolfa, kuma abin da Nolfa ta karanta da safe kafin azahar ya isa Chaulinec. E, haka ne. A bakin teku aka ɓata sunanta, ba a cikin ɗaki ba.

Ina jira har ƙarshen watan nan. Idan ban ji komai ba, ni zan rubuta mata, kuma Nolfa ɗin ce dai za ta karanta. Ba na so in yi haka. Kai ƙanina ne, kuma ba ni da wani.

Orfelina


Apiao, 12 ga Satumba

Zuwa ga komadre Zoila Millalonco da kompadre Rudelindo Mansilla,

Ina gaishe ku da girmamawa, ina yi wa kompadre fatan ƙarin sauƙi. Tsakanin gidana da naku taku ɗari uku ne, amma ga ni ina rubuto wasiƙa, don na gwada da baki na kasa. Malama Nolfa, don Allah ki karanta duka da ƙarfi, kada ki tsallake komai, kada kuma ki gyara mini magana ta yi daɗi. Wanda ya tambaye ki daga baya ki gaya masa, na yarda.

Komadre, ba tepunki ne ya fasa tankin ba. Ni ne. A bayan tankin akwai wani bawul da aka yi shi don ya riƙa fitar da ruwa da tururi idan zafi ya yi yawa. Ranar gayya na ga yana ɗiga, ban san amfaninsa ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na buga masa fegi na ɗaure da waya. Da ban toshe shi ba, ko guda goma kika zuba tankin ba zai fashe ba. Na tambayi masu sayar da shi a Castro, haka suka tabbatar mini. Abin da kika yi wa jaririn nan daidai ne.

Washegarin abin na shiga jirgi na zare fegin na ɓoye. Tun ƙarshen Yuni na san gaskiya ba tare da shakka ba. Na ji abin da ake faɗa a kanki na yi shiru. Na ga kina zama a bencin baya na yi shiru. Na ji kina roƙon gafara ta bayan ƙofa ina kicin ɗinki ina hura wuta. Itacen da hidimar da kika yi ta gode mini, ba kirki ba ne, tsoro ne.

Kompadre, idonka da hannunka ni na ci maka su. Ba ni da abin da zan ce a kan wannan.

Fegin yana cikin ambulan ɗin nan, ku nuna wa duk wanda kuka ga dama. Ban roƙi gafara ba, don ban ga da wane baki zan roƙa ba. Gobe ba zan zo hura wuta ba sai in kun aiko. Na roƙi matar Don Eliseo maƙwabcinku ta leƙo da safe.

Wanda ya cuce ku,
Belarmino Barría


Apiao, 15 ga Satumba

Don Belarmino,

Gaisuwa. Malama Nolfa ke rubutawa, ni na ce ta kira ka Don kamar baƙo, ba kompadre ba.

An karanta mana. Rudelindo ya juya fegin a hannunsa ya daɗe, sannan ya ce aikin banza ma da kyau kake yin sa, har ya yi dariya, ciwon ya hana shi ƙarasawa. Ya ce shi ma yana tsaye aka ƙi kiran mai famfo, bai ce a'a ba. Ya ce ido ya riga ya tafi, ba ya so ya rasa kompadre a kai.

Wannan maganarsa ce. Ga tawa.

Da ranar da ka sani ka zo ka faɗa, da tare za mu yi kuka, in zuba maka mate. Kwana ɗari da ɗaya na yi ina roƙon mijina gafarar abin da ban yi ba. Malama ta ƙirga mini. A cikinsu babu safiyar da muna gida ba ka ga fuskata ba.

Ba sai matar Don Eliseo ta sake zuwa ba. Jiya ni na hura murhuna, ashana ɗaya.

Rudelindo ya ce ka zo ranar Lahadi ku zauna. Gidansa ne, ƙofa a buɗe take, ka shigo ka wuce ɗakinsa kai tsaye. Idan ka ga ƙofar kicin a rufe, kada ka ƙwanƙwasa.

Ka huta lafiya.

Zoila Millalonco